Kwalaben Gishirin Yaya Ishaku

Tun ranar da Yaya Ishaku ya yi ritaya na ce wa matarsa Na'ima ta nemo masa abin yi, ko da kiwon zabi ne, don na san halin ɗan'uwana. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni ce Sakinatu mai bi masa, kuma shekara hamsin ina kallon yadda yake ɗaukar ƙaramin abu ya yi ta hura shi sai ya fashe masa a fuska. Na'ima ta ce in bar bawan Allah ya huta. Ya huta wata biyu, a na uku ya buɗe akwatin marigayi babanmu.

Babanmu kuku ne a gidan saukar baƙi na Reluwe tun zamanin Turawa. A ƙasan akwatin, cikin wata tsohuwar safa, Yaya ya tarar da 'yan tangaran guda biyu, ɗaya siffar zakara ɗaya kaza, kowanne da 'yan huji a ka da toshiya a gindi. Ya kai wa maƙwabcinsa Malam Samuel, tsohon hedimasta, ya duba masa. Malam Samuel ya ce na barbaɗa gishiri da barkono ne a teburin Turawa, kuma a ƙasashensu akwai masu tara tsofaffin irinsu su jera a kabad, jama'a na zuwa kallo. Da ya tsaya a nan da an zauna lafiya. Sai ya ƙara da cewa masu tarawar ba sa wanke su, wai tsufan shi ne darajar.

Kafin la'asar Yaya ya sanar a majalisarsu ta bakin titin Maitumbi cewa zai buɗe Gidan Tarihin Gishiri da Barkono, na farko a Afirka ta Yamma.

"Guda nawa ka tara?" in ji Ndako mai faci.

"Biyu."

"To ni ma ga tsofaffin tayu biyu, in buɗe nawa?"

"Matsalarka, Ndako, ba ka hangen nesa. Kuma ni ba zan yi ɓarnar kuɗi irin ta Turawa ba. Duk wanda ya wuce kuɗin koko da ƙosai na bar wa mai shi. Ilimi ake sa wa harkar nan. Kallo ɗaya nake wa abu in faɗa maka shekarunsa."

"Kai da naka shekarun ma sai da ka gyara su sau biyu a ofis?"

Majalisa ta kwashe da dariya. Yaya ya ce haka aka yi wa duk manyan duniya a farko.

Ita kuwa Na'ima tana da abin da ya fi wannan damunta. Shekara goma sha huɗu tana sayar da abinci a rumfar ƙofar gidansu, kuma abin alfaharinta a duniya guda ne: ba a taɓa samun wanda ya ci miyarta ya nemi ƙarin gishiri ba. Yatsunta uku su ne ma'auninta. Amma duk da haka ba a taɓa ba ta girkin babban biki ba, kullum sai a ce Halimatu, mai girki a unguwar Chanchaga. To a bana Madam Rachael, matar Shekwolo babban manomin doya, za ta aurar da 'yarta Faith, ta kuma ce za ta zo da mutanenta ranar wata Asabar su ɗanɗana sakwara da miyar agushin Na'ima. In ta yi musu, bikin nata ne. In ba ta yi ba, a koma Chanchaga kamar kullum. Na'ima ta ɗauki abin nan kamar jarrabawa, ko barcin kirki ba ta yi.

Yaya bai san ana yi ba. Ya hau keke napep sai unguwar Sauka Kahuta, wurin Sharif mai kayan gwanjo. Sharif da kansa ya ba ni labarin, yana yi yana share hawayen dariya. Ya ce ya tono masa wasu 'yan kwalabe biyu na gaske masu murfin ƙarfe, suka daidaita. Har Yaya ya juya zai tafi sai idonsa ya faɗa kan wani dogon gwangwani mai tsatsa.

"Wannan fa?"

"Na hodar jarirai ne, Alhaji."

"Haka za ka ce, tunda ba ka yi karatun abin ba. Ƙirga hujin. Goma sha biyu. Na talaka uku ne, na joji shida. Wannan daga teburin Razdan ya fito, Baturen da ya mulki lardi gaba ɗaya."

"Da na ji haka," in ji Sharif, "sai na ce masa ai yanzu na tuna, na Razdan ne."

Ranar Yaya ya dawo gida da na Razdan, da kan shawa, da kan butar ban-ruwa, da murfin kaskon turaren wuta. Na je gaida su na tarar ya baje su a tabarma yana rubuta musu takardu yana liƙawa. Kan shawar ya samu "Landan, 1921."

"Yaya, wannan ai na wanka ne."

"Na fadar sarkin Ingila ne. Su da yawa suke cin abinci."

"Araha dai ba ta ado."

"Ke da Ndako makaranta ɗaya kuka yi."

Labari ya bazu cewa Ishaku na sayen duk abin da ke da huji a ka. Cikin mako biyu babu gwangwanin madara ko na tumatir da ya rage a Maitumbi ba a huda masa kai ba. Ndako, wanda ya fi kowa dariya a majalisa, shi ya fi kowa cin moriya. Ya ajiye faci ya ɗauki ƙusa da guduma. In ya huda sai ya binne a bayan shagonsa kwana uku su yi tsatsa, sannan ya kawo da fuskar tausayi, wai gadon kakarsa ne. A cikin kayan da ya kawo har da wata 'yar batta ta tagulla, cike da wani baƙin gari. Yaya ya girgiza ta a kunne, ya ce barkonon Indiya ne na asali, kada wanda ya kuskura ya buɗe. Ta samu "Bombai, 1908." Da aka kai guda arba'in da uku sai ya kwashe hotunan falo, ya kafa katako hawa uku a bango ya jera su.

Daga nan ya ce tarihi ba na kallo ba ne kawai, dole a ga yana aiki. Ya ɗura gishiri a wasu, yaji a wasu, ba tare da ya wanke ko ɗaya ba. Abin da Malam Samuel bai gaya masa ba shi ne gishirin Bature laushi gare shi kamar gari, namu kuwa tsakuwa-tsakuwa ne, kuma da damina jiƙewa yake ya dunƙule. Yajinmu kuma na ƙuli ne, mai maiƙo. Ya girgiza zakara, shiru. Ya girgiza kaza, shiru. Ya aro ƙusar Ndako zai faɗaɗa wa kazar huji, bugu ɗaya kanta ya fita. Kazar da ta yi shekara sittin a safa lafiya lau, kwana ashirin ta yi a hannun Yaya. Ya liƙe kan da gam, ya ce ai haka ta fi nuna tsufa.

Sai kuma ya tsallaka inda bai kamata ba. Wata safiya ya lallaɓa ya ajiye kwalaben Sharif biyu a teburin rumfar Na'ima. Wani mai keke ya zo cin abinci, ya gan su, bai ko ɗanɗana ba ya ce, "Hajiya, yau gishirin ya yi kaɗan ke nan?"

A wurin Bature wannan ado ne. A wurinmu kuwa, ka ajiye gishiri kusa da miyar mace a gaban mutane, ka gama zaginta ba ka buɗe baki ba. Balle a ce mijinta ne ya ajiye. Na'ima ta shigo gida da kwalaben a hannu.

"Baban Khadija, me na yi maka?"

"Wayewa na kawo miki kyauta."

"Ranar Asabar Maman Faith za ta zo. In na ga ko ɗaya a teburin rumfata, ni da kai ne."

"Na yi alkawari. Ko ɗaya ba zai taka rumfarki ba."

Asabar ta zo da hadari. Tun hantsi nake gidan ina taya ta, ta zuba busasshen kifi da ganda da kaza a miyar, ƙamshi har titi. Baƙi suka iso su uku: Madam Rachael, da mijinta Shekwolo, da mahaifiyarsa, wata 'yar tsohuwa da kowa ke ce wa Kaka. Suna zama ruwa ya ɓarke, kwanon rumfa ya fara yoyo a kan teburin. Ba yadda za a yi, aka shigar da su falo. 'Yan majalisa su ma suka gudo baranda suna fakewa, su Ndako da Malam Samuel, suka yi cirko-cirko a bakin taga. Mu muna madafa muna kirɓa sakwara, ba mu san cewa mun kai kura ɗakin awaki ba, ko in ce mun kai awaki ɗakin kura.

Ni na shigo da tire. Na tarar Yaya ya saka tsohon kwat ɗinsa na ofis a kan jallabiya, da rula a hannu, yana nuna katako hawa na biyu. Ya riga ya wuce Landan yana Bombai. A kan teburin kuma, gaban kowane baƙo, ya jera guda bibbiyu.

"Yaya, alkawarin fa?"

"Rumfa na ce. Nan falona ne."

Na ajiye kwanuka. Madam Rachael ta dubi miyar, ta dubi abin da ke gefenta, ta karkata wajen mijinta. Raɗa ta yi, amma na ji.

"Ka gani? Mijinta ma ya san miyan ba gishiri."

Na matsa kusa da shi. Na ce, "Yaya, don Allah kwashe."

"Sakinatu, ana koyar da wayewa kina katse mutane. Ranka ya daɗe Shekwolo, bari ka ga yadda Razdan ke cin abinci."

"Bari in ɗanɗana tukuna, Alhaji."

"Ai Bature ba ya ɗanɗanawa. Barbaɗawa yake fara yi."

Ya ɗauki kazar babanmu ya kifa ta a kan kwanon Shekwolo. Ya girgiza, shiru. Ya ƙara girgizawa, shiru. Ya yi wa baƙi murmushi, ya ɗaga hannu ya daka mata duka a gindi. Gam ya saki. Kan kazar ya faɗa cikin agushi, curin jiƙaƙƙen gishiri kamar ƙwan zabo ya bi bayansa, miya ta fantsamo wa Shekwolo a farar rigarsa.

Shekwolo mutum ne mai haƙuri. Ya sa yatsa biyu ya tsamo kan, ya juya shi. "Ina cin kan kaza," ya ce, "amma wanda ya dahu."

Taga ta ɗauki dariya. Da mai hankali ne, da ya haƙura ya zauna. Yaya ya ce wannan gwaji ne kawai, na gasken na zuwa. Kafin in tare shi ya sure gwangwanin Razdan ya kifa a kwanon Madam Rachael. Wannan kam ya yi aiki, huji goma sha biyu ba wasa ba. Sai dai gishirin ya dunƙule a ciki ya ƙi fitowa, tsohuwar hodar da ba a wanke ba ita ta fito, fari fat, ta rufe miyar ta hau gyalenta. Falo ya ɗauki ƙamshin ɗakin mai jego.

"Alhaji, suna muka zo ko ɗanɗano?" in ji Madam Rachael.

"Gishirin da can haka yake, da turarensa. Barkono zai daidaita shi."

"Kada ka taɓa min kwano."

"To na Kaka. Kaka, yau za ki ci barkonon Indiya."

Ya miƙa hannu hawa na biyu ya ɗauko battar tagulla. Ya ɗaga ta sama sosai yadda na baranda za su gani, ya fara girgizawa da ƙarfinsa duka. Murfin ya fita. A daidai lokacin aka kawo wuta, fankar sama da aka manta a lamba ta ƙarshe ta tashi da gudu.

Garin taba ne, irin na shaƙa, mai ƙarfin gaske. Fanka ta raba shi daidai wa daida, ba ta bar kowa ba. Shekwolo ya fara, atishawa ɗaya hularsa ta faɗa kwano. Madam Rachael ta jero bakwai ba numfashi. Ni na durƙusa ina neman ƙofa ban gan ta ba. Garin ya fita ta taga ya sami 'yan majalisa, baranda ta kaure kamar garken tumaki masu mura. Malam Samuel yana atishawa yana cewa ba haka ya ce a yi ba.

Yaya ya daure, don har ya buɗe baki zai yi bayani. Sai tasa ta zo. Ta ɗaga shi ta maka bayansa da katako, hawa na sama ya faɗo kan na biyu, na biyu ya faɗo kan na uku, tarihi kusan guda arba'in ya zubo masa a ka. Gwangwanaye suka yi ta gangarawa, wasu ƙarƙashin kujera, wasu suka fice ta ƙofa ruwa ya tafi da su kwata. Kan shawar sarkin Ingila ya tsaya a cinyarsa.

Mutum ɗaya ce ko gezau. Kaka tana zaune, ta lumshe ido, tana jan iska a hankali kamar mai shan furar sanyi. Ta miƙa hannu ta ɗauki battar daga ƙasa.

"Battana ne," ta ce. "Wata ɗaya ina nema. Ranar da keke ya yi faci da ni ya faɗi." Ta shafa murfin, ta ji huji. "Wane ne ya huda min?"

Duk wanda idonsa ke iya buɗuwa ya juya ya dubi Ndako. Ndako ya tuna yana da aiki a shago, ya shiga ruwan sama ba lema.

Sannan Na'ima ta shigo da kwanon ƙarin sakwara. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi kwanukan nan uku, ɗaya da hula, ɗaya fari, ɗaya baƙi. Ta dubi mijinta a ƙasa cikin gwangwanaye. Wallahi tausayinta ya kama ni har na manta da hancina. Shekara goma sha huɗu take jiran wannan rana, ko loma ɗaya ba a kai baki ba.

Madam Rachael ta miƙe tana kaɗe gyale, idanu jajur. "Maman Khadija, ki yi haƙuri. Za mu je Chanchaga."

Na'ima ta juya ta fita. Na ɗauka kuka za ta je yi. Sai ga ta da tukunyar miyar ɗungurungum, ta riƙo ta da tsumma, ta dire a tsakiyar falo, ta kashe fanka.

"Maman Faith, ba ki ci miyata ba, haukan mijina kika ci. Ga tukunya. Ki ɗanɗana, in ba ta yi ba ni da kaina zan raka ki gidan Halimatu."

Madam Rachael ta karɓi cokali ta kai baki. Ta tauna, ta haɗiye, ta girgiza kai. "Ba na jin komai. Ko ruwan zafi kika ba ni ɗaya ne." Shekwolo ya gwada, shi ma hanci da harshe sun tafi hutu. Aka miƙa wa Malam Samuel ta taga, ya yi atishawa a cokalin.

"Ku ba ni wuri," in ji Kaka. "Ni shekara hamsin ina shaƙa, hancina yanzu ya buɗe."

Ta wanke hannu, ta jawo malmalar sakwara, ta zauna gaban tukunya. Loma ta farko, ba magana. Ta biyu, ba magana. Falo da baranda aka yi tsit, sai jan majina. Na'ima ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi. Tsohuwar nan ta cinye malmala guda tas, ta tsotse ƙashin kifi.

"Mama, yaya?" in ji Shekwolo.

"Ban gama ji ba. A ƙaro."

Aka ƙaro. Sai da ta ga bayan ta biyu, ta sha ruwa, ta yi gyatsa, sannan ta nuna Na'ima da yatsa.

"Wannan shi zai dafa bikin jikana. Miyan ba ya neman komai." Ta juya yatsan kan Yaya. "Wannan kuma ranar biki a kai shi gona tun da safe, a ba shi fartanya. Kada a dawo da shi sai an wanke tukwane."

Baranda ta ɗauki tafi. Na'ima ta zauna a hannun kujera ta rufe fuska da gyale, dariya da kuka suka haɗe mata. Yaya ya miƙe yana cire takardar "Landan" daga gemunsa, ya ce, "Kun gani? Ba don na jawo hankali ba da yanzu ana nan ana jayayya."

Na'ima ta ji shi sarai. Washegari da rana ta kawo masa sakwara da agushi, da kifi da komai, ba ƙwayar gishiri ko ɗaya. Ta tattaro abin da ya tsira daga gidan tarihi ta jera masa kewaye da kwanon.

"Ga kayan aiki nan, Baban Khadija. A ci lafiya."

Ya girgiza zakara, shiru. Ya girgiza na Sharif, shiru. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har miya ta huce, ya ci lami haka nan, ya fita majalisa ya ce ai likitocin Turai sun hana gishiri yanzu. Kwana na biyu haka, na uku haka. Ya biyo gidana da azahar wai zumunci, na ce mun riga mun ci.

A rana ta huɗu ina rumfa sai ga shi ya fito da buhu a kafaɗa yana ƙara, ya ajiye a bakin madafa. Ya koma ya ɗauko kwanonsa, ya tsaya gaban Na'ima, ya rage murya.

"Maman Khadija, an rufe gidan tarihi."

Ta sa yatsu uku a kwanon gishiri ta ɗebo, ta riƙe a saman miyarsa, ba ta saki ba.

"Miyata ta taɓa neman ƙari?"

"Ba ta taɓa ba."

"Masu cin abinci ba su ji ba."

Ya dubi bencin rumfa, cike da masu keke da ma'aikata, kowa ya dakata da loma a hannu. Ya dubi yatsun nan uku. Ya gyara murya irin ta majalisa, ya faɗa da ƙarfi cewa shekara talatin yana cin miyar matar nan ba ta taɓa neman ƙari ba, sai da masu wucewa a titi suka waiwayo.

Sannan ta saki gishirin, ta juya masa da ludayi. Tun tasowarmu ranar ce kaɗai na ji Yaya ya cika baki a kan gaskiya. Ya zauna nan ƙarshen benci cikin masu keke, ya cinye, ya suɗe kwanon.